Ka Gama Kwas ɗin Kodin a Intanet, Ka Karɓi Satifiket, Ka Nemi Abinci da Shi

Satifiket ɗin da ake bayarwa a ƙarshen kwas ɗin kodin (wato rubuta manhajar kwamfuta) na intanet ba irin takardar WAEC ba ce da ake sawa a leda a ɓoye a ƙasan akwati. Asalinsa adireshi ne a intanet. Duk wanda ka tura wa adireshin zai buɗe, ya ga sunanka da sunan kwas ɗin da ranar da ka kammala, a shafin mutanen da suka koyar da kai. Takardar da ake buga maka a shagon kwamfuta hoton wannan shafin ce kawai. Saboda haka tun kafin ka ƙona data a kan kowane kwas, tambayar farko ita ce: idan na gama, wani da ke Abuja ko Legas zai iya tabbatar da takardata ba tare da ya kira ni ba? In amsar a'a ce, kwas ɗin yana iya koya maka abu, amma takardarsa ado ce.

Wuraren da suka cika wannan sharaɗi, kuma talaka zai iya shiga, sanannu ne. Akwai freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, karatu da takarda duk kyauta, kuma yawancin darussansa rubutu ne, ba sa cin data. Akwai CS50x na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda David Malan ke koyarwa. Shi takarda biyu gare shi: ta CS50 kyauta ce ga wanda ya samu aƙalla kashi 70 cikin 100 a kowane aikin gida da kuma aikin ƙarshe, sai ta edX, wani shafin kwasa-kwasan intanet, wadda ake biya da dala. Karatun ɗaya ne, kuma ta kyautar ta wadatar. Coursera kuɗi ake biya, amma yawancin kwasa-kwasansa suna da gurbin neman tallafi, ka rubuta bayanin halin da kake ciki, ka jira kamar mako biyu a ba ka amsa. A gida kuma akwai 3MTT, shirin Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da hukumar NITDA da aka fara a 2023. Neman shiga kyauta ne, wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ɗan damfara ne.

Ɗaya za ka ɗauka. Masu rajista a kwas biyar lokaci guda su ne ba sa gama ko ɗaya.

Lokaci, wuta da data

Shekaru da dama freeCodeCamp na ƙiyasta kowace takarda tasa a kan awa 300. Yi lissafin da kanka: awa biyu a rana, kwana shida a mako, awa 12 ke nan, awa 300 za ta ci mako 25, kusan wata shida. Ga mutumin Ringim ko Gaya ko Tudun Wada da ke da gona, wata shidan da suka fi dacewa su ne daga bayan kaka zuwa faɗuwar damina. Wanda ya fara a watan Mayu, noman farko zai same shi a tsakiyar darasi mafi wuya, ya ce bari a gama maimai, daga nan sai labari ya sha bamban. In damina ta riske ka, kada ka tsaya cak. Ko minti 30 ne bayan sallar asuba ka riƙa taɓawa, domin kodin in an bar shi mako uku yana zubewa kamar haddar da ba a tilawa. CS50x kuma da shekara yake tafiya, ana sabunta shi a farkon kowace shekara, don haka duba wa'adin da ke shafinsa ka tsara gamawa kafin ya cika.

Da waya za ka iya kallon darasi da yin ƙananan atisaye, amma aikin ƙarshe sai da kwamfuta. Laftof ta hannu mai RAM 8GB da SSD ta isa. In ka shiga Kano saye, a Beirut ko Farm Centre, abin dubawa na farko batirinta ne. Ka sa a cire caja a gabanka, ka kunna bidiyo, ka ga yadda cajin ke sauka cikin minti 15.

Inda wutar KEDCO ba ta zama, ƙaramar sola tana ɗaukar nauyin karatun. Batir mai 12V da 100Ah yana riƙe 1,200Wh, amma in na ruwa ne ko irinsa rabi kawai ake sha, 600Wh, in ba haka ba ya mutu da wuri. Laftof mai jan 40W za ta yi kamar awa 12 a kan wannan bayan an cire asarar inbata. Faranti mai 100W zai mayar da abin da karatun awa biyu zuwa uku ya ci har da rara, muddin ana goge masa ƙurar hunturu. Mutane da yawa suna zagin batir alhali farantin ne ya yi butu-butu.

Bidiyo shi ke cinye data. Awa ɗaya a 360p tana cin kimanin 300MB, a 720p tana haura 1GB. Matsalar 360p ita ce ba a ganin rubutun da malami ke bugawa, don haka ka sauke a 480p da garaɓasar dare ko ranar da ka je inda sabis ke da ƙarfi, ka kuma sauke rubutaccen bayanin darasin da fayilolinsa. Wurin rubuta kod na CS50, wato cs50.dev, a cikin burauza yake aiki, yana son sabis mai ɗorewa. In sabis ɗin garinku na ɗauke-ɗauke ne, sa manhajar rubuta kod ta VS Code da yaren kodin na Python a kan kwamfutarka, ka rubuta ba tare da intanet ba, ranar kasuwa ka hau ka gwada aikin da check50 ka miƙa shi da submit50, kayan aikin CS50 na dubawa da miƙawa.

Inda ake faɗuwa

Wuri biyu ne. Na farko kwafe. Da aikin gida ya yi tsauri sai mutum ya nemo amsa a YouTube ko ya sa ChatGPT ta rubuta masa. Dokar CS50 ta hana amfani da irin waɗannan manhajoji in ba nasu ba, wato manhajar da suke kira agwagwa da ke cs50.ai, wadda ke nuna hanya ba ta ba da amsa. freeCodeCamp ma sai ka amince da alkawarin gaskiya a karatu kafin a sakar maka takarda. Amma ko ba a kama ka ba, ranar intabiyu za a ce ka rubuta layi goma a gaban mutane, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. In ka makale, ba kanka kwana biyu: karanta saƙon kuskuren tun daga layinsa na ƙarshe, raba matsalar gida-gida a kan takarda da biro, sannan ka tambayi wani inda ka ɓata, kada ka ce ya ba ka nasa.

Na biyu aikin ƙarshe. Mutum ya wuce duk darussa, sai ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, wai zai gina kasuwar intanet irin Jumia, ya yi wata uku bai gama shafin shiga ba. Zaɓi abin da za ka gama a mako uku zuwa huɗu, wanda kuma wani a garinku ke bukata: manhajar fitar da sakamakon jarrabawa ta Islamiyya, littafin adashe da ke nuna wanda ya zuba da wanda zai kwasa, lissafin shiga da fita na mai POS, ko rajistar buhunan taki da bashi ta ƙungiyar manoman shinkafa irin na yankin Hadejia da Kura. Wannan aikin shi zai zama hujjarka daga baya, ya fi takardar kanta nauyi. CS50x na neman bidiyon da bai wuce minti uku ba da kuma fayil ɗin README mai cikakken bayanin aikin. README mai layi biyar yana cikin abin da ke sa a ƙi karɓar aiki. Bayyana abin da kowane fayil yake yi da dalilin da ya sa ka bi wannan hanyar.

Maganar suna

Nan ne mutanenmu suka fi cutuwa, kuma gyaran na minti biyu ne in an yi shi a kan kari. Mutum ɗaya sai ka tarar a NIN Muhammad ne, a WAEC Mohammed, a banki Muhammed, a Facebook kuma wani laƙabi ne daban. Wani a makaranta sunan gari ya ɗora, Kazaure ko Bichi ko Gumel, a NIN kuma sunan kaka. Takardar kwas tana ɗauko sunan da ka rubuta a saitin akawun ɗinka ne harafi da harafi. Kafin ka danna karɓa, ɗauko katin NIN ka kwafe sunan yadda yake, a jerin da yake. Coursera na neman hoton katin shaida a wasu kwasa-kwasan, kuma da zarar an tabbatar da sunan, sauya shi sai ka bi ta hannun ma'aikatansu. In takardunka na makaranta da NIN sun riga sun saɓa, je kotu ka yi takardar rantsuwa da ke nuna duk sunayen na mutum ɗaya ne, ka haɗa ta da sauran.

Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, namu ne kuma muna alfahari da su, amma in babu su a katin shaidarka kada ka sa su a takardar. Wani lokacin ma ɗan akwati ke fitowa a madadinsu. Imel ɗin da ka yi rajista da shi ya zama naka na kanka, mai ɗauke da sunanka. Kada ka bari yaron kafe ya buɗe maka da nasa, ko ki bari a yi miki da na yayanki don sauri. Ranar da aka manta kalmar sirri, takardar ta tafi da mai imel ɗin. GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, na sa masu ajiye kod su kunna tabbaci mai mataki biyu, kuma yana ba da lambobin ceto a lokacin. Rubuta su a takarda ka ajiye tare da takardun makaranta, saboda waya tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta a tasha.

A freeCodeCamp akwai wani ƙaramin tarko: sai ka buɗe sunanka da takardunka ga jama'a a cikin saiti, in ba haka ba adireshin ba zai nuna wa kowa komai ba. Bayan ka karɓa, tura adireshin a wayar wani wanda bai taɓa shiga shafin ba, ka gani da idonka ya buɗe. Sai ka sauke PDF, ka ajiye a Google Drive da fulash, ka buga kwafi biyu masu kala a takarda mai kauri.

Inda takardar ke shiga da inda ba ta shiga

Gara a faɗa maka gaskiya tun yanzu. Aikin gwamnati, na tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma, da takardun makaranta ake ɗauka: digiri, HND, NCE, ND, da takardar bautar ƙasa ga wanda ta hau kansa. Mai digiri a mataki na 8 yake shiga, kuma satifiket ɗin intanet ko guda ashirin ne ba ya ƙara maka mataki. Ba ya maye gurbin rajista da CPN, majalisar ƙwararrun kwamfuta da aka kafa a 1993. Amfaninsa a ofis shi ne bayan ka shiga, in ana neman wanda zai riƙe ɓangaren kwamfuta, sunanka ne zai fara zuwa bakin shugaba. Ga ɗalibin BUK, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ko kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, yana taimakawa sosai wajen samun gurbin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, mai ma'ana, maimakon wata shida ana aikensa hoton takardu.

Inda take da tasiri shi ne kamfanoni masu zaman kansu, ƙungiyoyin agaji masu aikin tattara bayanai a ƙauyuka, makarantun kuɗi masu neman malamin kwamfuta, cibiyoyin jarrabawar JAMB, da aikin nesa ta intanet. Su ma ba takardar suke saye ba. Tana sa a buɗe CV ɗinka ne, abin da ke ciki kuma shi zai sa a kira ka.

A CV, kada ka sa ta a sashen karatu kusa da sakandare da jami'a. Buɗe mata sashen takardun ƙwarewa, ka rubuta cikakken sunan kwas ɗin yadda yake a takardar, wanda ya bayar, wata da shekara, da adireshin tabbatarwa. Wanda ya yi CS50x ya rubuta cewa ya yi karatu a Harvard ya kashe kansa da hannunsa, domin duk mai ɗaukar ma'aikatan kodin ya san kwas ɗin. A ƙarƙashinta ka sa ayyuka biyu ko uku, kowanne layi biyu: me yake yi, da wane yare ka rubuta shi, wa ke amfani da shi, ga adireshinsa. "Manhajar sakamako da makaranta mai aji shida ke aiki da ita tun zangon da ya wuce" ta fi jerin sunayen yaruka goma da ka ce ka iya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. CV ɗin ya tsaya a shafi ɗaya, a tura shi PDF, sunan fayil ɗin ya zama sunanka.

A LinkedIn akwai sashen Licenses & certifications, da gurabun suna, wanda ya bayar, kwanan wata, lambar takarda da adireshinta. Cike adireshin shi ne muhimmi. A GitHub ka maƙala ayyukanka mafi kyau a saman shafinka, kowanne da README da hoton yadda yake aiki. In shafin intanet ne na HTML da CSS da JavaScript, GitHub Pages zai ɗora maka shi kyauta, mutum ya buɗe a wayarsa. Kafin ka ɗora komai, cire sunayen yara da lambobin wayar mutane na gaskiya, ka cike da na ƙirƙira; ka kuma duba kada kalmar sirri ta bi kod ɗin.

Masu neman aikin nesa a Upwork ko Fiverr, akawun ɗin da sunanka na katin shaida za ka buɗe shi, sunan kuma ya dace da na asusun da kuɗi za su shiga, Payoneer ne ko asusun dala na banki. Sayen akawun ɗin wani hanyar asara ce: ranar da aka nemi tabbatar da fuska za a rufe shi da kuɗinka a ciki. Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin horo ko na rajista kafin ka fara, juya ka tafi.

Aikin farko a cikin gari

Shugaban makaranta a Babura ko mai kemis a Rano bai san freeCodeCamp ba, bai kuma damu ya sani ba. Gare shi gani ya kori ji. Ɗauki laftof ka je bayan la'asar, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce, "Malam, a ba ni makin aji ɗaya na zangon jiya, in nuna maka wani abu." Ka shigar a gabansa, katin sakamako ya fito da jimla da matsayin kowane yaro. Sai bayan ya tambayi inda ka koya za ka fito da takardar. Matar da ba ta cika fita ba tana iya yin haka ta bidiyon minti biyu na fuskar kwamfutarta, ta tura wa shugabar makarantar matan aure ko uwar adashe ta WhatsApp.

Akwai kurakuran da kwas ɗin Turawa ba zai nuna maka ba, sai aikin gida. Suna irin Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u suna da ɗan waƙafi a sama, kuma in ka haɗa umarnin SQL, yaren ajiye bayanai da nemo su, ta hanyar manna rubutu kai tsaye, wannan alamar za ta karya shi. Yi amfani da gurbin alamar tambaya ka miƙa sunan daban, wanda shi ne kuma kariya daga masu kutse. Ajiye komai a tsarin haruffa na UTF-8 don kada Ɗanladi ya koma tarkacen alamomi. Lambar waya rubutu ce, ba adadi ba. In Excel ya ɗauke ta adadi zai cinye sifilin farko. Yara biyu masu jimla ɗaya, tambayi makarantar yadda take ba su matsayi kafin ka rubuta, domin rigimar iyaye a kan na ɗaya da na biyu ba ƙarama ba ce. Haka rabon maki tsakanin gwaji da jarrabawa, wasu 30 da 70, wasu 40 da 60. Sa shi inda za a iya sauyawa. A manhajar hatsi kuma, kada ka ɗauka tiya nawa ke cikin buhu abu ɗaya ne a ko'ina, bar mai shagon ya shigar da nasa. Sannan duk abin da za ka gina wa ƙauye ya yi aiki ko babu sabis, ya kuma riƙa ajiye kwafin bayanai a fulash kowane mako.

Kuɗi kuwa, aikin farko kana iya yin sa da rangwame don samun shaida, amma kada ya zama kyauta zalla, in ba haka ba har abada kai ɗan gida ne mai taimakawa. Rubuta yarjejeniya ko a shafi ɗaya ce, da Hausa: abin da manhajar za ta yi, ranar miƙawa, rabin kuɗi kafin a fara, gyara sau nawa ne kyauta, da abin da za a riƙa biya duk zango don kulawa. In aikin na bukatar adireshin intanet, na .com.ng da naira ake biya ta hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su, kuma duk shekara ake sabuntawa. Faɗa wa mai aikin wannan tun ranar farko, ka yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, ka sa ranar ƙarewar a kalandar wayarka da tunatarwa wata guda kafin lokacin. Da ka miƙa aikin, roƙi wasiƙa a takarda mai tambarin makarantar ko shagon, da sa hannu da hatimi, mai bayyana abin da ka gina da ranar da aka fara aiki da shi. Ɗauki hotonta mai kyau, ka haɗa ta da satifiket ɗin a PDF ɗaya, wasiƙar a sama.